Kayan Takobin Japan: Tambayoyi da Amsoshi kan Maƙeransu, Ƙarafansu da Tunanin da ke Cikin Aikin

Wanda ya ga takobin Japan a hoto, ruwan takobin yake fara kallo: lanƙwasarsa, ƙyallinsa, kaifinsa. Ƙananan ƙarafan da ke kewaye da shi, waɗanda tafin hannu ke rufewa, ba kasafai ake tambaya a kansu ba, alhali sana'a ce mai zaman kanta, wadda wasu gidaje suka yi ta gado har kusan shekara 400. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Me ake nufi da kayan takobi?

Japanawa suna kiran su tosogu. Babba a cikinsu shi ne tsuba, faifan ƙarfen da ke tsakanin ƙota da ruwan takobi. Fuchi zobe ne a wuyan ƙota, kashira kuma marufi ne a gindinta. Menuki ado ne guda biyu ƙanana, ɗaya a kowane gefe, da ake sakawa a ƙarƙashin igiyar da aka naɗe ƙota da ita. A jikin kube akwai wuraren da ake soke abubuwa biyu: kozuka, wato mariƙin wata 'yar wuƙa, da kogai, tsinken ƙarfe na gyara gashi. Sai habaki, zoben jan ƙarfe da ke rungume gindin ruwan takobi, wanda shi ke riƙe takobin a cikin kube kada ya zame. Akwai kuma seppa, 'yan faifai sirara da ke matse tsuba gaba da baya.

Abin da ke riƙe duk wannan tarin a wuri ɗaya ƙusa ce ta gora, sunanta mekugi. Da an bugo ta waje, komai ya rabu. Shi ya sa ake iya sauya wa takobi kaya yadda aka ga dama, har ka sami ruwan takobi na ƙarni na 14 sanye da kayan ƙarni na 19. Shi ya sa kuma kayan suka zama abin tarawa su kaɗai, ko da babu takobin.

Maƙerin da ya ƙera takobin ne ke yin su?

A'a. Takobi ɗaya yakan bi ta hannun mutane da yawa kafin ya kai ga mai shi. Maƙeri ya ƙera ruwan, mai wasawa ya wasa shi, wani ya sassaƙa kube da itacen ho, wani ya shafe kuben da urushi, ruwan jikin wata bishiya da ke bushewa ya yi tauri, wani ya yi habaki, wani ya lulluɓe ƙota da fatar wani kifin teku mai ƙurji-ƙurji ya naɗe ta da igiya. Masu kayan ƙarfen su ma sun kasu. Bahaushe ba zai sha wahalar gane rabon ba, domin mu ma muna da maƙeran baƙi da maƙeran fari: a can akwai masu aikin baƙin ƙarfe, waɗanda tsuba ce ƙarfinsu, akwai kuma kinko, masu aikin zinariya, azurfa da jan ƙarfe.

A da can, kafin sana'ar ta tsaya da ƙafarta, ana jin maƙeran takobi da masu ƙera sulke ne ke buga tsuba. Irin waɗannan tsofaffin sirara ne, masu faɗi, ba su da ado sai ɗan huji mai siffar fure ko mazari.

Tsuba don kare hannu kawai aka yi ta?

Tana kare hannu daga takobin abokin gaba, tana kuma hana hannun mai takobin zamewa zuwa kan kaifi idan ya kai suka. Nauyinta yana gyara zaman takobi a hannu. Ta dogon takobi faɗinta yakan kai santimita 7 zuwa 8, kaurinta milimita 4 zuwa 5.

Amma akwai wani aikin da ya fi waɗannan daɗewa. Samurai, wato jarumin Japan na da, yana soke takobinsa a ɗamara, kaifi na kallon sama, ƙota na gaba. Duk wanda ya fuskance shi, tsuba zai fara gani. Don haka fuskar da ke kallon ƙota ita ce gaba, a nan ake zuba mafi yawan adon. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da yaƙi ya lafa, wannan faifan ya zama wurin da mutum ke nuna gidansu, iliminsa, da abin da ransa ke so.

Da wane irin ƙarfe ake aikin?

A nan ne sana'ar ta fita daban da ta sauran duniya. Maƙeran kinko ba su tsaya ga launin da ƙarfe ya zo da shi ba. Sun yi ta haɗa gami don samun launuka, har suka tara abin da za a yi cikakken hoto da shi ba tare da ɗigon fenti ba.

Mafi daraja shi ne shakudo. Jan ƙarfe ne da aka narka da zinariya kaɗan, yawanci kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Idan ka gan shi ɗanye ba za ka bambanta shi da jan ƙarfe na gama-gari ba. Sai an dafa shi a ruwan magani yake rikiɗa ya koma baƙi wuluk mai ɗan shuɗi-shuɗi. Wato an zuba zinariya ne don a sami baƙi, ba don ta yi ƙyalli ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda hankalin mutanen yake.

Na biyu shibuichi, gamin jan ƙarfe da azurfa, a asali kashi ɗaya cikin huɗu azurfa. Yana ba da launin toka, ana kuma ƙara azurfar ko a rage ta don tokar ta yi haske ko ta yi duhu. Da shi ake yin sararin samaniya na dare, hazo, da ruwan sama. Akwai yamagane, jan ƙarfen da ba a tace ba, wanda dattin da ke cikinsa ke ba shi launin ƙasa mai zurfi. Akwai tagulla mai ruwan ɗorawa, akwai jan ƙarfe tsantsa, sai zinariya da azurfa su kansu.

Akwai kuma mokume-gane, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Shoami Denbei na Akita, wanda ya rayu daga 1651 zuwa 1728. Ana jera fallayen ƙarafa daban-daban, a gasa su a matse har su manne ba tare da sun narke ba, sannan a ƙwaƙule saman a buge shi ya baje. Zanen da ke fitowa irin na jikin katako ne. Yau masu ƙera zoben aure a ƙasashe da yawa suna amfani da wannan dabarar.

To ta yaya launin ke fitowa idan ba fenti ba ne?

Da dahuwa. Sunan aikin niiro. Ana zuba ruwa a tukunyar jan ƙarfe, a sa rokusho, wani koren gari da ake haɗawa daga jan ƙarfe, a ƙara tanpan, gishirin jan ƙarfe mai launin shuɗi, a tafasa. Kafin a tsoma kayan sai an goge shi da duwatsu, daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan da gawayi, sannan da garin gawayi, har babu sauran ƙarzuwa ko maiƙo. Daga nan a shafe shi da markaɗaɗɗen daikon, wani farin tushe mai yaji-yaji da suke ci kullum, domin launin ya kama daidai ko'ina. Sai a tsoma, ana motsawa, ana ɗagowa ana dubawa.

Abin da ke burge ni shi ne tukunya ɗaya ce, ruwa ɗaya, amma kowane ƙarfe amsarsa daban. Shakudo ya yi baƙi, shibuichi ya yi toka, jan ƙarfe ya yi ja-ja mai ruwan ƙasa, zinariya ta tsaya yadda take. Maƙerin ya yi watanni yana aiki a kan abin da kusan duk launinsa ɗaya ne a ido, yana riƙe da hoton ƙarshe a zuciyarsa kawai, sai a wannan sa'ar yake ganin abin da ya yi. Kuma tukunyar ba ta rufa asiri. Inda yatsa ya taɓa ya bar maiƙo, tabo zai fito. Inda gamin bai narku daidai ba, launin zai rabu. Inda aka yi ha'incin guga, nan ma zai nuna.

Launin wata fata ce siririya ƙwarai da ke tsirowa daga jikin ƙarfen kansa. A shakudo, ƙwayoyin zinariya da ido ba ya gani ne ke warwatse a cikin wannan fatar, su ke sa ta yi baƙi. Goga ɗaya da man goge ƙarfe ta isa ta kwashe ta.

Baƙin ƙarfe fa? Ba ya tsatsa?

Yana yi, da gangan ma ake sa shi. Ana shafa wa tsuba magani, a bar ta ta yi tsatsa, a goge, a sake shafawa, haka ake ta yi har tsatsar ta zauna ta yi duhu ta daina ci. Wasu sukan dafa ta a ruwan shayi don ta ƙara baƙi. Kowane gida da nasa haɗin, ba su kuma cika faɗa wa na waje ba. Wannan baƙar tsatsa ita ke kare ƙarfen daga jar tsatsa mai cinyewa.

Masu sanin tsuba sukan daɗe suna juya ta a hannu suna kallon bakinta. Suna neman abin da suke kira tekkotsu, wasu 'yan ƙulluttai da layuka da ke fitowa inda ƙarfen ya fi tauri. Wanda bai sani ba zai ce aibi ne. Su kuwa shaida ce a wurinsu cewa an ninka ƙarfen an buge shi da hannu, har suna ƙara wa tsubar lardin Owari daraja saboda shi.

Waɗanne kayan aiki suke amfani da su?

Kaɗan ne. Ƙaramar guduma, magagari, duwatsun guga, gawayi, da tagane, wato ƙananan cizal na ƙarfe. Tagane ɗin ne ke da yawa, maƙeri yakan tara ɗaruruwa, kuma shi ke ƙera su da kansa gwargwadon bukatar aikin da ke gabansa. Ana kafa kayan da ake sassaƙawa a kan yani, ƙaron bishiyar matsu da aka dafa da garin yumɓu da ɗan mai. Da ɗumi yana laushi ya karɓi kayan, da ya huce sai ya riƙe shi gam.

Menuki daga fallen ƙarfe ake tayar da shi: a buge daga baya ya kumburo, a juya, a gyara daga gaba, a gasa don ya yi laushi, a sake. Zaki ne ko kifi, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, cikinsa kuma rami ne.

Menene waɗannan ɗige-ɗigen da ake gani a bayan zane?

Nanako ke nan. Da tagane mai ɗan rami a baki ake yin sa, kowane ƙwaya da bugunta, kowace ba ta kai milimita ɗaya ba. Ana jera su layi-layi a kan kozuka, ko da'ira cikin da'ira a kan tsuba, dubbai a fili ɗaya. Idan ƙwaya ɗaya ta karkace, ko bugu ɗaya ya fi na kusa da shi ƙarfi, haske zai tona shi daga nesa. Saboda wahalarsa har akwai waɗanda ba su da wata sana'a sai shi. Amfaninsa shi ne yana kashe ƙyallin shakudo, baƙin ya yi zurfi, zinariyar da ke kai ta fito sosai.

Yaya ake dasa zinariya a jikin wani ƙarfe ba ta fita?

Hanya ta farko ita ce a haƙa rami wanda cikinsa ya fi bakinsa faɗi, a sa zinariyar, a buge ta har ta cika ramin. Ba gam, ba walda, siffar ramin ce ke riƙe ta. Ana iya goge ta ta yi daidai da jikin ƙarfen, ko a bar ta a tashe a sassaƙa ta.

Hanya ta biyu nunome ce. Ana tsattsaga fuskar baƙin ƙarfe da layuka ƙanana ta fuska biyu ko uku har ta yi kaushi, a shimfiɗa fallen zinariya siriri ko zarenta, a danna ya shige tsakanin haƙoran. Ta fi sauri, ta fi tsimin zinariya, amma tana gogewa da daɗewa. Har yau ana yin ta a Kumamoto da Kyoto, a kan 'yan kunne da sarƙa.

Gaskiya ne suna amfani da zaiba?

Sun yi. Ana narka zinariya a cikin zaiba, a shafa, a gasa zaibar ta tashi ta bar zinariyar. Ita ce dai zaibar da masu haƙar zinariya ke amfani da ita, kuma hayaƙinta guba ne mai lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Kada kowa ya gwada wannan a gida ko a shago.

Su wane ne manyan masu wannan sana'a?

Ana farawa da Goto Yujo, wanda ya rayu daga 1440 zuwa 1512, ya kuma yi wa shogun Ashikaga Yoshimasa, wato shugaban mulkin soja na lokacin, aiki. Zuriyarsa ta riƙe sana'ar har zuriya 17, tana yi wa masu mulki ɗaya bayan ɗaya: gidan Ashikaga, Nobunaga, Hideyoshi, gidan Tokugawa. Salonsu shakudo ne mai nanako, da zinariya a kai, zakuna da dodannin tatsuniya masu siffar maciji. Sun fi shahara da saitin abu uku, menuki, kozuka da kogai. Su ne kuma ke buga manyan tsabar zinariya da ake kira oban. Wanda zai shiga fadar shogun, irin kayansu ake sa ran gani a takobinsa, a kan baƙin kube.

Aikin Goto yana da kyau matuƙa, amma ƙa'ida ta ɗaure shi. Yokoya Somin, 1670 zuwa 1733, ya taso a kan wannan salon yana yi wa gwamnati aiki, sai ya ajiye muƙamin ya koma yi wa mutanen gari. Daga nan aka sami abin da ake kira sassaƙar gari, kishiyar sassaƙar gida ta Goto. Somin ya shahara da katakiri, yanka da tagane a karkace yadda gefe ɗaya na layin ke tsaye ɗayan kuma a kwance, layin yana kauri yana sirancewa tamkar an ja shi da buroshin mai zane. Attajiran Edo (Tokyo ta yau) da Osaka, waɗanda ke da kuɗi amma ba su da sarauta, su suka ɗauki nauyin wannan sabon salo. A cikinsa aka sami Tsuchiya Yasuchika da Nara Toshinaga da Sugiura Joi, sannan Omori Teruhide mai taguwar ruwa da aka ƙwaƙule ƙarƙashinta har tana tsaye da kanta.

A ɓangaren baƙin ƙarfe, sunaye biyu ake fara kira: Nobuie, da Kaneie na Fushimi, wanda ya riƙa sa duwatsu, farin wata da ɗan masunci a kan tsuba da ɗigon zinariya ƙalilan.

Me ya haɗa shan shayi da kayan takobi?

Mutum ɗaya ne ya fi haɗa su: Hosokawa Tadaoki, wanda aka fi sani da Sansai, jarumin yaƙi kuma almajirin Sen no Rikyu, babban malamin bikin shayi da ya rasu a 1591. Rikyu ya koyar da fifita abu mai sauƙi, marar ƙawa, wanda shekaru suka taɓa, a kan mai walƙiya. Da gidan Hosokawa ya koma lardin Higo a 1632, inda Kumamoto take a yau, maƙeran da ke ƙarƙashinsu suka zuba wannan ɗanɗanon a ƙarfe. Gidaje huɗu ne: Hayashi, Hirata, Nishigaki da Shimizu. Tsubar Higo za ka gan ta baƙa, shiru, wani lokaci da'irarta ma ba ta cika daidai ba, ga 'yar zinariya da aka sa ta yi kamar ta soma gogewa tun ranar farko.

A ganina nan ne sana'ar ta kai ƙololuwa. Mai gwaninta da yawa yakan so ya nuna ta duka. Su waɗannan sun iya komai, suka zaɓi su tsaya da wuri.

Ana yawan cewa akwai falsafa a aikin. Gaskiya ne, ko talla ce?

Akwai talla, akwai gaskiya. Masu sayarwa suna son lulluɓe komai da maganganun sirri da na addinin Zen. Maƙeran kuwa 'yan sana'a ne masu iyali, ana ba su aiki suna karɓar kuɗi. Suna da al'adunsu na bauta, kamar bikin zugazugi da ake yi ranar 8 ga watan 11, amma ba wannan ke sa tsuba ta yi kyau ba. Tunanin da ke cikin aikin, a cikin yadda ake yin sa yake.

Amfani ne ke gaba. Filin da ke kewaye da hujin tsakiya dole ya zauna a shafe don seppa su kwanta. Babu tsinin da zai kama hannun riga ko ya ci tafin hannu. Duk hikimar mai zane a cikin wannan iyakar take yawo, kuma iyakar ce ta kaifafa ta: an ba ka fili mai faɗin tafin hannu da rami a tsakiya, an ce ka sa kaka, ko dare, ko wani labarin yaƙi.

Sannan tagane ba ya komawa baya. Abin da aka yanke ya tafi. A katakiri babu gyara ko kaɗan, layin da aka ja shi ne zai zauna shekara 300. Don haka yawancin aikin kafin bugu ake yin sa, a kallo, a zane a takarda, a shekarun da hannu ya yi yana maimaita layi ɗaya. Almajiri yakan shiga gidan maigidansa yana yaro, ya yi kusan shekara 10, farkonsu a shara da guga da wasa tagane, yana kallo, ba a cika yi masa bayani ba.

Akwai kuma barin fili. A tsubar sukashi, wadda ake huda ta, abin da aka cire yana magana daidai da abin da aka bari. Dinya uku a kusurwa ɗaya, sauran filin babu komai, mai kallo ne zai cika sararin da kansa.

Na ƙarshe, wanda na fi ɗauka da muhimmanci: maƙerin ya san ba shi zai gama aikin ba. Ya san hannu zai riƙe, tufa za ta goga, zinariyar da ke tudu za ta lashe, baƙin zai ƙara zurfi. Yana aiki da wannan a ransa, yana barin wa shekaru rabonsu. Ƙarfe a wurinsa abu ne mai hali, kowane iri da abin da yake yarda da shi da abin da yake ƙi, kuma gwani shi ne wanda ya san halin ya bi da shi.

Me ya sa suke kwaikwayon aikin magabata? Ba jabu ke nan ba?

Kwaikwayon koyo, wanda suke kira utsushi, daban yake da jabu. Mai koyo yana ɗaukar aikin wani gwani ya sake yin sa daga farko, don hannunsa ya bi hanyar da hannun wancan ya bi, ya gano dalilin kowane bugu. A ƙarshe sunansa yake sawa. Jabu shi ne a sa sunan wani don a ci kuɗi da shi, kuma wannan ma ya yi yawa tun zamanin Edo. Sunan Somin da na Kaneie suna kan kayan da suka ninka abin da mutum ɗaya zai iya yi a rayuwarsa.

Me ya kashe kasuwar?

Dokar 1876, wadda sabuwar gwamnatin Sarki Meiji ta hana yawo da takobi da ita, ban da sojoji, 'yan sanda da masu kayan fada. Dare ɗaya masu saye suka ɓace. Goto Ichijo, gwani na ƙarshe a zuriyar Goto, a wannan shekarar ya rasu. Da yawa sun bar sana'ar. Waɗanda suka tsira sun juya ga tuluna, akwatunan taba, kayan ƙawata ɗaki da ake kaiwa Turai da Amurka. Kano Natsuo, 1828 zuwa 1898, ya zana sabbin tsabar kuɗin ƙasar, daga baya ya koyar a makarantar fasaha ta Tokyo, ta nan ilimin ya wuce zuwa ɗalibai maimakon 'ya'yan gida. Unno Shomin da Shoami Katsuyoshi su ma da kayan takobi suka fara.

A wannan lokacin ne aka kwashi tsuba da yawa zuwa waje da araha. Shi ya sa gidajen tarihi na Landan, Oxford, Boston da New York ke da tari masu yawa a yau.

Akwai masu yi har yanzu?

Akwai, amma ba su da yawa, wasu a Japan, wasu a Turai da Amurka. Ƙungiyar NBTHK, wadda aka kafa a 1948 don ceto takubba bayan yaƙin duniya na biyu, tana shirya gasa da ta haɗa da masu kayan ƙarfe, tana kuma da gidan tarihin takobi a unguwar Sumida ta Tokyo. Ita ce ke duba tsofaffin kaya ta ba su takardar shaida hawa-hawa, daga Hozon zuwa Tokubetsu Juyo.

Na sami tsohuwar tsuba. In goge ta ta yi haske?

Kada ka yi. Wannan ita ce ɓarnar da aka fi yi wa kayan nan. Launin da kake gani shi ne aikin, kuma shi ne darajar. Kada man goge ƙarfe, sandfefa, burushin waya ko ruwan tsami su kusance ta. Idan ta kinko ce, ka riƙe ta da tsumma mai laushi ko safar hannu, ka bar ta haka. Idan ta baƙin ƙarfe ce kuma jar tsatsa ta fito, masu tarawa suna kankare ta a hankali da guntun ƙaho ko ƙashi, domin ya fi jar tsatsar tauri amma bai kai baƙar ba, sannan su yi ta shafa ta da tsumman auduga. Ka ajiye ta inda babu laima. Abin da ya wuce wannan, aikin gwani ne.

Yaya zan gane ta zubi ce ta zamani?

Duba cikin hujin da bakin faifan. Ta zubi takan bar layin haɗuwar mazubi, da 'yan ramuka na kumfa, zanenta kuma ya yi dusu-dusu, babu kaifin yankan tagane. Launin yakan zama fenti ko dauɗar da aka shafa. Tsohuwar da aka taɓa ɗaurawa a takobi sau da yawa tana da tabon bugu a gefen hujin tsakiya, ko 'yan guntayen jan ƙarfe da aka cusa don ta zauna daidai, ko da yake masu jabu sun koyi kwaikwayon wannan ma. Yawancin masu arha da ake tallatawa a intanet na zubi ne.

Mai aikin ƙarfe da ke son gwadawa, daga ina zai fara?

Daga tagane. Ya sami sandar ƙarfe mai tauri, ya yanka tsawon yatsa, ya gyara bakin da magagari, ya gasa ya tsoma a ruwa, ya wasa. Uku sun isa a farko: mai yankan layi, mai shafe fili, mai dannawa. Ya kafa fallen jan ƙarfe mai kaurin milimita 2 a kan ƙaro, ya yi ta jan layi miƙaƙƙe har zurfinsa ya daidaita daga farko zuwa ƙarshe, sannan ya shiga lanƙwasa. Bayan haka ya gwada dasa zaren azurfa a ramin da ya haƙa da kansa. Shibuichi ya fi sauƙin farawa a cikin gami, tunda azurfa da jan ƙarfe suna samuwa a kasuwa: awo ɗaya na azurfa, uku na jan ƙarfe. Tsuba ta farko gara ta zama ta baƙin ƙarfe marar ado, mai huji ɗaya ko biyu, domin a nan ne za a ga ko da'irar ta zauna, ko bakin ya yi daɗin riƙo, ko tsatsar ta kama daidai.